Magena tana amayo curin gashi, in ɗura mata man gyada?

Anti Tela:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu kiwon mage ku taimaka min da shawara. Tawa irin mai dogon gashin nan ce, 'yar Farisa, kuma tun da zafi ya fara shigowa take fama da amai. Cikin dare sai in ji tana kakari, cikinta yana shiga yana fita, can sai ta amayo wani abu dogo mai kaurin ɗan yatsa, jiƙe sharkaf da ruwa mai yauƙi. Da na sa tsinke na tona, ashe gashinta ne zalla ya cure. Da can sai a daɗe ban ga haka ba, yanzu kuwa kusan duk mako ne. Tana cin abinci amma ba kamar da ba. Maƙwabciyata ta ce in ɗura mata man gyada cokali biyu. In yi ko kar in yi?

Hajiya Babba:
Wa'alaikumussalam 'yata. Ki kwantar da hankalinki. Tun muna yara ba a raba gidanmu da kyanwa, kuma duk kyanwa tana wannan aman. Ki ba ta man gyadan, ko ki ɗan sa mata manja a abinci, zai sulɓe mata ciki. Mu ba mu san asibitin mage ba, amma namu har tsufa suke yi a gida.

Bakatsine:
Allah Ya ba ta lafiya Anti. Ki riƙa barinta tana fita tsakar gida. Tawa da kanta take neman ɗanyar ciyawa ta ci, ta amayar, shi ke nan ta warware.

Likitan Dabbobi:
Anti, kafin komai, kar ki ɗura mata komai da ƙarfi, mai ne ko ruwan magani. Zan dawo kan dalili.

In mage ta taɓa lasar hannunki kin san kaushin harshenta. Wasu 'yan ƙananan ƙayoyi ne jere a kansa, duk sun karkata baya wajen maƙogwaro. Da su take taje jikinta, kuma gashin da ya maƙale a cikinsu ba ta iya tofar da shi, dole ta haɗiye. Ga shi kuma babban kaso na lokacin da take a farke a lasar jiki yake tafiya. Gashi ba ya narkewa a ciki. Mafi yawansa yana bin hanji ya fita a kashi ba ki ma lura ba. Wanda ya rage a tumbi shi ke taruwa ya cure, in ya dame ta sai ta amayo shi. Tsawon da kika ga ya yi, matsin maƙogwaro ne ya miƙar da shi wajen fitowa.

In jifa-jifa ne, a ce sau ɗaya a wata, tana ci tana wasa tana kashi lafiya, ban cika damuwa ba, balle mai dogon gashi a lokacin da zafi ke sa ta zubar da gashi. Amma abu biyu a maganarki sun tsaya min a rai: ya koma duk mako, kuma cinta ya ragu. Ko dai gashin da take haɗiya ya wuce ƙima, ko kuma cikin ne ba ya tura abin da ke cikinsa gaba yadda ya kamata. Na farkon, ƙuma ce kan gaba wajen jawo shi, sai ciwon fata, sai damuwa, don mage in an canja mata gida ko an kawo wata dabba takan zauna ta yi ta lasa har wani wuri ya yi sanƙo. Na biyun kuwa tsutsar ciki ce, ko abincin da bai karɓe ta ba, ko kumburin hanji da ya daɗe yana cinta a ɓoye.

Ki yi min wani gwaji yanzu. Ki ɗora ta a kan farin ƙyalle ki taje bayanta, wajen gindin wutsiya. In kin ga baƙin gari-gari yana zubowa, ki ɗiga masa ruwa. In ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jininta ne da suka sha.

Hajiya Babba:
Likita, ban ƙi ta taka ba, amma man gyadan me ya yi? Abinci ne fa, mu ma shi muke ci. Yanzu komai sai a ce sai asibiti, alhali ga abu a kicin.

Likitan Dabbobi:
Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Ai da yake abinci ne shi ya sa ba ya yin aikin da ake nema. Man gyada, manja, man shanu, duk hanji yana narkar da su ya tsotse tun kafin su raka gashin zuwa waje. In aka yawaita kuma a samu gudawa a kan amai.

Abin da ya fi ba ni tsoro ɗurar ce. An riƙe mage tana fizge-fizge tana kuka, an zuba mai a baki, sai ya bi hanyar iska ya sauka huhu. Mafi haɗari shi ne farin man nan na kemis, farafin, wanda ake ba mai cushewar ciki. Ba shi da ɗanɗano ba shi da wari, dabba ba ta jin shigarsa balle ta haɗiye shi da kyau, kuma in ya shiga huhu yana kawo ciwon da ke da wuyar magani ƙwarai.

Maganin da aka yi don wannan matsala yana zuwa a bututu, mai kauri ne, dangin basilin wanda ciki ba ya narkarwa, an sa masa ɗanɗanon da mage ke so. Ana lakata kaɗan a shafa mata a saman ƙafar gaba ta lashe da kanta. Shi ma ba a mayar da shi abin kullum, don yawansa yana rage wa jiki tsotsar wasu bitamin.

Magunan da kuka kiwata kuma, Hajiya, gaskiyarki, ba su cika shan wannan wahalar ba. 'Yan gida ne masu gajeren gashi, suna yawo, suna kama ɓera da ƙadangare. Ta Anti an kawo ta da gashin ƙasar sanyi an ajiye a ɗaki cikin zafin bazara. Ba ɗaya suke ba.

Anti Tela:
Likita na yi gwajin. Wallahi ja ya yi. Har na ga ƙumar guda tana gudu cikin gashin. To yanzu yaya zan yi?

Ɗan Farauta:
Wannan mai sauƙi ne Anti. Maganin kaskar da nake ɗiga wa karnukana a wuya, ki samu irinsa ki ɗiga mata, kwana ɗaya duk sun zube. Wasu ma fiya-fiya suke ɗan surkawa da ruwa su goga.

Maman Maguna:
A'a Malam, don Allah kar ta yi! Anti kar ki kuskura. Da yawa daga magungunan kaska da ƙuma na kare akwai wani sinadari a ciki, fametirin, wanda kare ke ɗauka lafiya amma mage yana kashe ta. Na ga wadda aka ɗiga wa, cikin sa'o'i kaɗan ta kama karkarwa, fatar bayanta tana rawa, yawu na zuba, daga nan sai farfaɗiya. Ko kwanciya ta yi jikin karen da aka ɗiga wa bai bushe ba yana iya taɓa ta. Fiya-fiya kuwa guba ce tsantsa, kuma duk abin da ya taɓa jikin mage a cikinta zai ƙare tunda lasa za ta yi. Ki nemi wanda aka rubuta na mage ne, da hoton mage a jikin kwalin, a auna nauyinta kafin a ba ki.

Sannan ƙuma ba a jikinta kawai take ba. Ƙwayayenta suna cikin darduma, ƙarƙashin kujera, da tsummokaran da take kwana a kai. Sai kin wanke shimfiɗarta da ruwan zafi kin shanya a rana, kin share lunguna, in ba haka ba wata mai zuwa kin koma gidan jiya.

Ɗan Farauta:
To madalla. Ni karnuka na sani, ban san mage ta bambanta haka ba. Na gode Hajiya.

Maman Maguna:
Bari in ƙara da abin da nake yi wa nawa, don ni ma akwai masu dogon gashi a wurina. Mataji shi ne rabin maganin. Duk gashin da ya fito a mataji gashi ne da bai shiga ciki ba. Kullum bayan la'asar in ta ci ta ƙoshi ta miƙe, sai in zauna kusa da ita in fara daga wuya da kumatu inda take jin daɗi, in gangara baya, sai ƙarshe in zo hammata da ciki da bayan cinya, don nan ne gashi ke cukurkuɗewa kuma nan ne ba ta son a taɓa. Mataji mai manyan haƙora tukuna, sannan mai ƙanana. In na gama sai in jiƙa ƙyalle in matse in shafe ta, ya kwashe wanda ya saki bai faɗi ba. In ta fara kaɗa wutsiya da ƙarfi ko ta kwantar da kunne, na ƙyale ta sai gobe. Inda gashi ya riga ya dunƙule ya manne da fata kuma kar ki sa almakashi, fatarsu sirirya ce, tana biyo dunƙulen, yanzu sai ki yanke ta. A sa injin aski.

Na biyu ruwa. Wadda ke cin busasshen abincin leda kawai tana cikin ƙishi ba ta sani ba, don ruwan da ke cikinsa bai fi kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani kuwa ya haura kashi 70. Ni kwano uku nake ajiyewa a wurare daban-daban, nesa da abinci da wurin kashi, ina canjawa safe da yamma. Kuma ina dafa kabewa zalla, ba gishiri ba magi, in dama ƙaramin cokali a abincinsu. Tana taimakawa wajen tura gashin ya fita ta ƙasa.

Mai Faɗin Gaskiya:
Ni fa abin nan yana damuna. Mutane na kwana da yunwa, yara na kwance asibiti an rasa kuɗin magani, mu kuma muna nan muna lissafin kwanon ruwa uku da kabewar mage. Ba zagi nake ba, tambaya nake tsakani da Allah. Anya mun kyauta?

Anti Tela:
Ɗan'uwa, na ji maganarka kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ni na ɗauko ta na kawo gidana na rufe ƙofa, ba ita ta kawo kanta ba. Tunda na hana ta fita nema, haƙƙinta yana wuyana.

Malamin Islamiyya:
Maganar Anti ita ce daidai. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, sananne ne. Haka na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Tausayin dabba ba ya rage tausayin mutum. Inda zan goyi bayanka shi ne almubazzaranci. Amma mataji da ruwa da yankin kabewa ba almubazzaranci ba ne. Wanda kuma ya san ba zai iya ɗawainiyar mai dogon gashi ba, ya bar ta inda ya gan ta, kar ya saya don a gani a hoto.

Mai Faɗin Gaskiya:
Malam, wannan ta ƙarshen ita nake nufi. Ana saye don yayi, in ta fara ciwo a yar a bola. Na ga irinsu a unguwarmu, gashi ya cukurkuɗe, ido na ruwa. In dai za a riƙe amana ba ni da ja.

Mai Kula da Zaure:
Mun gode. A koma kan maganar ciwo don Allah, akwai masu jiran amsa.

'Yar Damagaram:
Sannunku. Mu a nan mussa muke cewa. Tawa ba aman gashi take ba, zawo ne ya ƙi tsayawa. Kullum da safe ina ba ta madara, wani lokaci fura da nono in mun dama, da rana shinkafa da miya. Ɗan'uwana ya ce in ɓare mata kafso ja da yalo, ko rabin farasitamol tunda jikinta da ɗumi.

Likitan Dabbobi:
'Yar'uwa, farasitamol kar ya kusanci bakinta, ko rabi ko kwata. Hantar mage ba ta da abin da ke warware wannan magani. Ƙwaya ɗaya ta manya, mai miligiram 500, ta isa ta kashe ta: jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura. Haka ibufurofen da sauran magungunan ciwon jiki na mutane, suna ƙona ciki su lalata ƙoda, a mage da kare duka. Ɗumin da kike ji kuma mai yiwuwa nata ne na halitta, don zafin jikin mage da kare yana tsakanin digiri 38 zuwa 39, ya ɗara namu. Kafson ma a ajiye, zawo ba kullum ne na ƙwayar cuta ba.

Ni madarar nake zargi. Mage in ta girma an yaye ta, yawancinsu cikinsu yana daina iya narkar da sukarin da ke cikin madara, sai ya zauna a hanji ya jawo ruwa ya zama zawo. Tana son ta, amma ba ta karɓe ta ba. Ki tsayar da madara da nono gaba ɗaya ki gani.

Miyar ma akwai magana. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage da kare, a hankali dabba ta yi fari fat ta rasa ƙarfi. Ga barkono ga gishiri. Kuma mage maciyar nama ce ta asali, shinkafa da tuwo ba sa riƙe ta. Akwai sinadarin da sai a nama take samunsa, rashinsa yana taɓa ido da zuciya. Ki dafa mata kaza ko kifi a ruwa zalla, ki cire ƙaya da ƙashi, ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa. Kar ki hana ta abinci da sunan hutar da ciki. Mage, musamman mai ƙiba, in ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, kitse yana taruwa a hantarta, wannan kuma ya fi zawon haɗari.

Ki ɗaga wutsiyarta ki duba. In kin ga wasu farare girman ƙwayar shinkafa manne a gashin wurin, tsila ce. Anti Tela, ke ma ki duba taki, don ta hanyar haɗiye ƙuma wajen lasa mage ke kamuwa da ita. Babba ana ba ta maganin tsutsa duk wata 3. In zawon ya wuce kwana 2 bayan an gyara abinci, ko da jini, ko ta daina shan ruwa, sai likita.

Bakatsine:
Likita, ciyawar da na faɗa fa? Laifi ce?

Likitan Dabbobi:
Ba laifi in ba a yi mata feshi ba. Ka shuka alkama ko dawa a ɗan gwangwani, in ta yi tsawon yatsa ka ajiye mata, ya fi ta bakin kwata. Amma ciyawa ba ta maganin abin da ke sa aman.

Amaryar Zariya:
Ni ma muzuruna yana yin irin na Anti, sai dai shi bai taɓa amayo komai ba. Sai ya durƙusa ya miƙa wuya gaba dab da ƙasa, ya yi ta wani ƙoƙ-ƙoƙ, ya haɗiye yawu ya tashi. Tun hunturu yake yi. Na sayi maganin bututun ma ba canji.

Ɗalibar Likitan Dabbobi:
Yaya, wannan da kika kwatanta ya fi kama da tari, ba yunƙurin amai ba. Mage ma tana yin asma. Ana yawan rikita su don tsayuwar kusan iri ɗaya ce, amma mai amai cikinta ne ke bugawa kuma a ƙarshe wani abu yana fitowa, ko da ruwa ne. Mai tari wuya take miƙewa, sautin busasshe, ba abin da ke fita. Ƙurar hunturu, hayaƙin turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, duk suna tayar da shi. Ki ɗauke shi bidiyo a waya lokacin da yake yi ki nuna wa likita, don a asibiti ba lallai ya yi a gabansu ba. Tunda a Zariya kike, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello kusa da ke. In kuma kika ga yana numfashi baki buɗe, a ranar za ki kai shi, mage ba ta haki irin na kare sai da matsala.

Amaryar Zariya:
Turaren wuta kam kullum sai na sa. Zan riƙa fitar da shi tukuna. Na gode ƙanwata.

Likitan Dabbobi:
Anti Tela, sunanki ya tuna min wani abu da ya fi gashin tayar min da hankali. A ɗakin da kike ɗinki take zama?

Anti Tela:
Eh Likita, a ƙarƙashin keken ma take kwana. Tana son wasa da zare sosai.

Likitan Dabbobi:
To daga yau zare da allura su koma cikin gwangwani mai murfi, guntayen da ke zuba ƙasa a share kafin ta shigo. Ƙayoyin harshen nan da na faɗa, in zare ya hau su ba ta iya mayar da shi waje, haɗiya kawai take yi har ya ƙare, wani lokaci da allurar a jiki. Sai bakin zaren ɗaya ya naɗe a ƙarƙashin harshe ko ya maƙale a mafitar tumbi, sauran ya bi hanji. Hanji yana ta ƙoƙarin tura shi, shi kuma a ɗaure yake, sai hanjin ya tattare a jikinsa kamar yadda wando ke tattarewa a jikin mazagi in an ja. Daga nan zaren ya fara yanka hanjin ta ciki. Haka zaren kitso, gashin kanti, robar ɗaure kuɗi da zaren buhu.

Duk wanda ya ga zare ya leƙo daga bakin mage ko duburarta, kar ya ja. Ja ɗaya yana iya farke hanji. A kai ta a yi hoto, sau da yawa sai tiyata.

Ga abin da ba a kwana da shi a gida: tana ta kakarin amai ba abin da ke fita, ko tana amai a jere ko ruwa ba ya zama, ta ƙi abinci yini guda cur, ta ɓuya a lungu ba ta son a taɓa cikinta, ko kwana 2 ba kashi. Curin gashin ma kansa in ya wuce tumbi ya toshe hanji haka yake yi. Ga masu muzuru kuma: in kun ga yana ta zuwa wurin kashi yana nishi ba abin da ke fita, kar ku ce cushewar ciki ce ku tsaya neman kabewa. Sau da yawa fitsari ne ya toshe, kuma wannan yana kisa cikin kwana 1 zuwa 2.

Anti Tela:
Innalillahi. Yanzu na buɗe bakinta na duba ƙarƙashin harshen, ban ga komai ba, kuma ta yi kashi ɗazu. Duk da haka gobe da safe zan kai ta a auna ta a ba ni na ƙuma da na tsutsa, in Allah Ya yarda. Man gyada na fasa.

Hajiya Babba:
Allah Ya ba ta lafiya. Ni dai na ƙaru da maganar zaren nan, jikokina suna da kyanwa kuma uwarsu saƙa take yi. Yanzu zan kira ta.

Baba Mai Gadi:
Likita a taimaka mana mu ma masu karnuka. Karen gidan da nake gadi babba ne, irin na 'yan sanda. Duk bayan Babbar Sallah sai ya kwanta ciwo, amai da zawo, wani lokaci kuma kashin ya ƙi fita, in ya fita fari ƙal da tauri yana kuka. Maigida ya ce a riƙa tara masa ƙasusuwa da kitsen da aka rage.

Likitan Dabbobi:
Baba, sannu da aiki. Abin da ake tara masa ɗin shi ne ciwon. Farin kashi mai tauri ƙashi ne da ya ci ya yi yawa, ya daskare a hanji. Dafaffen ƙashi da soyayye kuma ya fi ɗanye haɗari, don yana tsagewa ya yi tsini, ya soki maƙogwaro ko hanji, na kaza ya fi kowanne. Kitse mai yawa a lokaci ɗaya yana kumbura wata gaɓa da ke kusa da tumbi mai fitar da ruwan narka abinci. Kare ya yi ta amai, ya ƙi ci, ya kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga ƙugu sama saboda ciwon ciki. A ba shi tsoka dafaffiya ba yaji, gwargwado, a haɗa da abincin da ya saba. Duk sabon abinci a shigo da shi a hankali cikin mako guda.

A kula da bola kuma. Totuwar masara, ƙwallon mangwaro da ledar da aka ƙulla nama suna cikin abubuwan da aka fi cirowa daga hanjin kare. Inabi da zabibi suna lalata masa ƙoda, cakulan guba ne gare shi, shinkafar ɓera kuma a sa ta inda ba zai kai ba.

Tunda babba ne mai zurfin ƙirji, ka riƙe wannan: in ka ga bayan ya ci ya ƙoshi cikinsa ya kumbura tim, yana kakarin amai ba ya fita, yawu na dalala, ya kasa zama wuri ɗaya, tumbinsa ne mai yiwuwa ya cika da iska ya murɗe. Ko tsakar dare ne a tashi maigida, sa'o'i kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa. Don guje wa haka a raba masa abinci sau biyu a yini maimakon tuli guda, kuma kar a sake shi guje-guje da ya gama ci.

Ɗan Farauta:
Ni tawa matsalar 'yan kwikwiyo ce. Karyata ta haihu bara, suna fara wayo sai suka kama amai da zawon jini mai wani irin ƙarni, cikin 'yan kwanaki suka bi juna, ɗaya ne ya tsira. Abokan farauta suka ce sammu ne ko an ba su guba. Yanzu ga ta da wani cikin.

Ɗalibar Likitan Dabbobi:
Allah Ya mayar da alheri Malam. Yadda ka faɗa, ya yi kama da cutar fabo. Ƙwayar bairos ce da aka gano a karnuka a 1978, ta bazu duniya, kuma ta fi kama 'yan kwikwiyo daga mako 6 zuwa wata 6. Tana cinye fatar cikin hanji, shi ne jinin da warin. Rashin ruwa a jiki ne ke saurin kashe su, don haka wanda aka kai da wuri aka sa masa ƙarin ruwa da allurar tsayar da amai yana da damar tashi sosai. Ka riƙa jan fatar wuyansu ka saki, in ta tsaya ba ta koma nan take ba, ko dasashi ya bushe yana danƙo, ruwa ya yi ƙasa.

Riga-kafi ake farawa suna mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har su kai mako 16. Allura ɗaya ba ta isa, don kariyar da suka sha a nonon uwa tana iya hana ta farko kamawa. Maganin tsutsa kuma tun suna mako 2. In sun kai wata 3 a yi musu ta haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ma tana haɗawa. Ka tabbata allurar daga firji ko cikin ƙanƙara aka ɗauko ta a gabanka, wadda ta sha zafi ba ta aiki.

Ɗan Farauta:
To wurin da waɗancan suka mutu fa? A nan take son ta sake haihuwa, ƙasa ce ba siminti ba.

Likitan Dabbobi:
Kar ka bar ta ta haihu a nan. Ƙwayar tana rayuwa a ƙasa wata da watanni, a inuwa mai danshi har ta kai shekara, kuma sabulu da yawancin magungunan goge ɗaki ba sa kashe ta. Bilicin wanki ne ke yi: murfi 1 a murfi 30 na ruwa, a fara wanke dattin tukuna, sannan a zuba a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Amma wannan a siminti da kwanuka da sarƙa yake aiki, a turɓaya ba ya ratsawa. Ka gyara mata wani wuri mai daɓe can nesa da tsohon, ka ƙona tsofaffin buhunan da suka kwanta a kai, ka ware takalmin da kake shiga wurin da shi. In kun dawo daga daji kar sauran karnukan su shiga inda 'ya'yan suke, kuma kar ka fita da su ko ka ba wani sai bayan allurar ƙarshe da mako 2.